Shingen Ixora da tukwanen Erica a wani gida a Maradi: me ya sa ganyen ya yi rawaya

Gidan yana unguwar Zariya, a kan jigawa, sabon gini ne da bai cika shekara biyu ba. A tsakar gida, jikin katangar gabas, an ja kwami mai tsawon mita 20 da faɗin santimita 60, aka dasa Ixora guda 40, tazarar santimita 50 tsakanin kowanne. Ixora shi ne ƙaramin icen nan mai ganye mai sheƙi da jan fure cunkus, wanda ake yawan gani a harabar otal da ofisoshi. An yi dashen a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. A baranda kuma akwai tukwane huɗu na Erica, tsarabar da ɗan maigidan ya kawo daga Faransa a wannan watan, cike da ƙananan furanni masu launin hoda.

Zuwa farkon Maris shingen ya zama abin tausayi. Fiye da rabi ya yi rawaya, wasu sun yanƙwane, wasu ganyensu ya yi baƙi kamar an shafa musu kunkunniya, babu fure ko ɗaya. Mai ban ruwa ya yi abin da kowa zai yi: ya ƙara ruwa safe da yamma, ya barbaɗa takin zamani 15-15-15 har sau uku, uwargida kuma ta sa a riƙa zuba tokar murhu a gindinsu don korar gara. Kullum abin gaba yake yi. Da aka tona aka duba, sai aka tarar da cuta huɗu daban-daban a jikin katanga ɗaya, ana yi musu magani ɗaya, maganin kuma yana ƙara wa uku daga ciki ƙarfi.

Tukwanen baranda

Su aka fara dubawa, don a kansu ne maigida ya fi damuwa, ga shi kuwa aikinsu bai ɗauki minti biyar ba. An kankare ɓawon kara da farce a wuri uku: ƙarƙashinsa busasshe ne, ruwan ƙasa, babu kore. An lanƙwasa reshe ya karye ƙaras. Dukkan huɗun sun mutu, kuma da alama tun kafin ƙarshen Nuwamba. Abin da ya ruɗi mutanen gida shi ne halin wannan tsiro: ganyensa siriri ne kamar allura, ba ya yanƙwanewa, furensa kuma yana bushewa a jiki da sauran launinsa. Wata uku ana shayar da gawa.

Erica babban dangi ne, jinsi sama da 800, mafi yawansu a yankin Kap na Afirka ta Kudu. Ɗan uwansa Calluna shi ne ke rufe tsaunukan Sukotilan da arewacin Turai. Wanda ake sayarwa a tukunya a Faransa lokacin kaka galibi Erica gracilis ne, ɗan Afirka ta Kudu, kuma ko a can ana ɗaukarsa adon ɗan lokaci. Littattafan lambu na Faransanci suna haɗa su da azaliya da kameliya a rukunin da suke kira tsiran "terre de bruyère", wato masu son ƙasa mai tsami, 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Saiwarsu kamar gashi take, ba ta nitso, tana dogaro da wani naman gwari da ke zaune a cikinta don samun abinci daga ƙasa maras ƙarfi. Shi ya sa bushewar yini ɗaya ke kashe ta, taki mai ƙarfi ke ƙona ta, jiƙa cikin zafi kuma ke ruɓar da ita. Ɗaya daga cikin wuraren da ake samun irin wannan ice a daji shi ne ƙololuwar duwatsun Tibesti a Cadi, inda Erica arborea ya saura a tsayin da ya haura mita 2,000. Maradi ba ta kai mita 500 ba, kuma a Afrilu zafinta na wuce digiri 40.

Da aka juye tukunya ɗaya an ga yadda mutuwar ta zo. Ƙasar da aka rene su a ciki ta ruɓaɓɓen gansakuka ce, wadda in ta bushe sau ɗaya sai ta ƙanƙance ta ƙi shan ruwa. Iskar hunturu ta busar da ita, ta janye daga jikin tukunya, ruwan da ake zubawa yana bi ta gefe ya fita ƙasa, tsakiya kuwa ƙamas. Da an gane da wuri, da an nutsa tukunyar cikin bokitin ruwan sama minti 20 har kumfa ya daina fita, kuma da an ja ransu zuwa Fabrairu. Bazara dai ba za su ƙetare ba. Shawarar da aka bayar ita ce kada a sake kawo su, balle ma shigo da tsiro mai rai da ƙasarsa yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai. Wanda yake son irin wannan siffa ya nemi Cuphea hyssopifolia, ɗan Meksiko da Guwatemala, mai ƙananan ganye da fure shuɗi-shuɗi, wanda ke jure zafi in ya sami inuwar yamma.

Guda 22 masu rawaya

Nan ne babban aikin. Ixora ɗan kudancin Indiya da Sirilanka ne, dangin kofi da gauɗen dajinmu, zafi ba ya damunsa. Amma a wajen ƙasa halinsa ɗaya da Erica: yana son tsami, pH 5 zuwa 6, kuma da an haura 7 sai ya fara rama.

Ma'aunin pH daga 0 zuwa 14 yake. Bakwai tsaka-tsaki ne, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa da toka. Duk mai girki ta san jefa kanwa a miyar yakuwa yana kashe tsami. Abin da ke faruwa a ƙasa ke nan. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka tsakanin 5.5 da 7.5 akwai ninki ɗari.

Kafin a auna komai, ganyen ya riga ya faɗi abin da ke damunsa. Rawayar a kan sababbin ganyen ƙarshen reshe take, tsofaffin na ƙasa kore ne. A kan ganyen mai rawaya, jijiyoyinsa sun tsaya kore shar kamar raga. A mafi munin, sabon ganye ya fito ƙarami, fari fat, bakinsa a ƙone. Wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Tsiro ba ya iya kwashe ƙarfe daga tsohon ganye ya kai wa sabo, shi ya sa sabon ke fara nunawa. Da yunwar taki ce, wato ƙarancin naitirojin, da tsofaffin ganyen ƙasa ne za su fara yin rawaya, gaba ɗaya har da jijiya. Bambancin nan kaɗai da ya hana asarar buhun taki, don 15-15-15 ba shi da ƙarfen da ake nema, fosfarin da ke cikinsa ma in ya yi yawa ƙara ɗaure ƙarfen yake yi.

Ƙarfe yana nan a ƙasar, jan yashinmu ma shi ya ba shi launi. Narkewa ce ta gagara: duk hawan pH da mataki ɗaya yana rage narkewar ƙarfe kusan ninki dubu.

An ɗebi ƙasa a zurfin santimita 10 zuwa 15 daga wuri uku. Kowace an zuba awo ɗaya a kofi, aka ƙara awo biyu da rabi na tataccen ruwa, aka motsa, aka bari minti 30, sannan aka tsoma takardar gwajin pH. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ya isa, muddin an tabbatar ba asid aka ba ka ba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana yi. Yashin fili na bayan gida, wanda ba a taɓa ba, ya nuna tsakanin 5.5 da 6. Tsakiyar kwami 7.5. Kusa da ƙofar gida ya wuce 8. Ruwan foraj na gidan, wato rijiyar burtsatse, ya nuna kusan 7.5.

Wannan sakamako ya kamata masu lambu a Maradi su riƙe shi. Tun da ambaliyar 1945 ta sa garin ya hau tudu daga kwarin Gulbi, yawancin gidaje a kan jigawa suke, yashin jigawa kuwa a asalinsa yana da ɗan tsami. Ba shi da taki, ba ya riƙe ruwa, amma a wajen pH ya fi dacewa da Ixora fiye da ƙasar garuruwa da yawa. Rauninsa shi ne ba shi da abin da zai tare sauyi: ɗan abin da aka zuba masa sai ya juya. A wannan kwami an zuba masa abu uku.

Na farko ɓaraguzan gini. Da aka haƙa santimita 25, shebur ya fara cin karo da guntayen bulo da busasshen kwaɓin siminti. Magina sun share tarkacensu zuwa gindin katanga, aka rufe da yashi, aka dasa a kai. A bakin ƙofa, inda aka riƙa kwaɓa siminti a ƙasa, akwai falle guda mai kaurin yatsa uku. An ɗiga binigar a kan ƙasar wurin, ta yi kumfa tana ƙara. A yashin bayan gida shiru. Kumfa na nufin akwai farar ƙasa a kwance, wadda za ta riƙa narkewa shekara da shekaru. Na biyu toka, wadda pH ɗinta ke wuce 10, an zuba ta wata biyu a jere. Na uku ruwan foraj. Lambar 7.5 ba abin tsoro ba ce ita kaɗai, abin dubawa shi ne yawan kanwar da ke narke a ciki, kuma farin dasashi a bakin famfo da gindin butar shayi ya nuna akwai ta. Tsakanin Oktoba da Mayu babu ruwan sama da zai wanke, rana tana ɗauke ruwan ta bar gishirin a kwami kullum. Farin ɓawon da ya fito a bakin kwamin shi ne shaida.

Wanda ba shi da takardar gwaji zai iya ɗan leƙawa da zoɓo. A jiƙa kaɗan har ruwan ya yi ja mai haske, a ɗiga cokali ɗaya a kofin ruwan sama, cokali ɗaya a kofin ruwan foraj. Na ruwan sama zai tsaya ja; in ɗayan ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, akwai kanwa. Ba ya ba da lamba, amma yana raba gardama.

Gyaran ya rabu biyu. Guda 7 na bakin ƙofa an haƙura da su. Kilo ɗaya na farar wuta yana kashe kusan kilo uku na farar ƙasa ne kawai, simintin da ke wurin kuwa ya fi a ƙirga, ga harsashin ginshiƙin ƙofa da ba ya ciruwa. An tumɓuke su da ƙasar saiwarsu, aka mayar da su manyan tukwane da sabuwar ƙasa, wurin kuma aka dasa lalle, wanda bai damu da kanwa ba kuma yana karɓar aski.

Guda 15 na tsakiya an yi musu aiki a inda suke. An fara da kwashe santimita 5 na saman ƙasa, toka da ɓawon gishiri da ragowar taki, aka fitar daga gidan. An haƙa siririn rami tsakanin itatuwan da katanga, faɗin shebur, zurfin santimita 40, aka tsince ɓaraguzai da hannu, aka jingina leda mai kauri a jikin harsashin don raba siminti da saiwa. Ledar a tsaye take kawai. In aka shimfiɗa ta a ƙasan rami ruwa zai kwanta. An cike da yashin jigawa awo biyu, ruɓaɓɓen takin ganye awo ɗaya. An guji kashin kaji da ɗanyen kashin awaki, don suna da gishiri, na kajin ƙwai kuma yana ɗauke da farar ƙasa daga abincinsu. Daga nan aka yi wanki: lita 40 na ruwa a kowane murabba'in mita, a hankali, cikin safiya ɗaya, don tura gishiri ƙasa da saiwa.

Bayan kwana biyu aka barbaɗa garin farar wuta, giram 40 a murabba'in mita, aka cuɗa shi da saman ƙasa da yatsu ba tare da an taɓa saiwa ba. A yashi wannan awo yana sauke pH kusan mataki ɗaya. A laka ta fadama sai an ninka shi biyu ko uku. Farar wuta ba ta aiki da kanta, ƙwayoyin halittar ƙasa ne ke mayar da ita tsami, kuma suna buƙatar danshi da ɗumi da makonni. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga shiru bayan kwana goma a ƙara, sai tsamin ya taso gaba ɗaya ya ƙone saiwa. An jira mako takwas, aka sake aunawa, sannan aka ƙara giram 30.

Tunda farar wuta tana da jinkiri, an ba itatuwan ƙarfe kai tsaye. A nan sunan da ke jikin leda yana da muhimmanci ƙwarai, don shi ke nuna sinadarin da aka ɗaure ƙarfen da shi don ya zauna a narke. Ƙarfen da aka ɗaure da EDTA yana sakin jiki da an wuce pH 6.5, na DTPA yana kaiwa wajen 7.5, na EDDHA kuwa yana aiki har 9. Na ƙarshen shi ne gari ja mai duhu, ƙarfe kashi 6 cikin ɗari, yana rina ruwa kamar zoɓo. An narka giram 5 a lita 2 ga kowane ice, aka zuba kewaye da gindi da yamma, aka bi da ruwa kaɗan, domin hasken rana na lalata shi. Inda ba a samu ba, ana fesa salfet na ƙarfe giram 2 a lita ɗaya a kan ganye bayan la'asar. Yana kawo kore ɗigo-ɗigo a ganyen da ya taɓa kawai, sai an maimaita a kowane sabon toho, kuma yana bar wa farar katanga tabon tsatsa da ba ya fita.

An dakatar da 15-15-15. Bayan wata ɗaya aka koma salfet na amoniyam, giram 15 a murabba'in mita duk mako huɗu, narke a ruwa, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana ba da naitirojin kashi 21, kuma shi kansa yana ƙara tsami.

Saura ruwa, wanda in ba a gyara ba duk wannan aiki zai koma baya cikin rani ɗaya. An ajiye ganga mai lita 200, ana cika ta, ana ƙara garin asid na lemun tsami, irin wanda masu haɗa lemo ke saye. Babu awo ɗaya ga kowane foraj. An fara da giram 10, a motsa, a tsoma takarda, a ƙara giram biyar-biyar har ta nuna 6. A wannan gida giram 30 ya kai. Binigar ma tana yi, sai dai ta fi tsada a kan lita 200. A haɗa na yini ɗaya kawai, don in ya kwana biyu yana yin yauƙi. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki an juya shi cikin gangar. Na sama kuma shi ne sarki: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu milimita 500, yana zubar da lita 50,000.

Guda 6 na kusurwar kudu

Waɗannan su suka fi yaudarar mai ban ruwa, don a yanƙwane suke tun safe, shi kuwa yanƙwanewa a wurinsa ƙishirwa ce. An tura yatsa: ƙasa caɓa-caɓa. Kusurwar ta fi sauran kwamin gangare, kuma nan ruwan wanke-wanke ke malalowa da sabulun gari a ciki. An tumɓuke ɗaya. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi. Wannan baƙa-baƙa ce, mai wari, in an ja ta da yatsa biyu fatar ta saluɓe ta bar zare. A gindin kara, ƙarƙashin ɓawo, baƙin ya hau kusan santimita 5. An kuma binne su da zurfi, wuyan icen yana santimita 8 a ƙarƙashin ƙasa.

Ruɓewar saiwa ce. Ƙasar da ta cika da ruwa ba ta da iska, saiwa ta shaƙe, ƙwayoyin cuta irin su Phytophthora da Pythium, masu iyo a cikin ruwan ƙasa, su ƙarasa ta. Icen da ba shi da saiwa ba ya shan ruwa ko yana tsaye a cikinsa. Sabulun gari ya ƙara nasa, don yana da sodiyam kuma ɓangaren kanwa yake.

Huɗu da baƙin ya zagaye karansu an cire an ƙone. Biyu da ke da sauran farar saiwa an yanke musu ruɓaɓɓen da almakashin da aka goge da ruwan bilic, aka rage rassan da kashi ɗaya cikin uku, aka sa su a tukunya a inuwa. Akwai magunguna irin su fosetil da metalaksil da ke tsayar da cutar a icen da bai yi nisa ba, a bi awon da ke jikin kwali; ba sa tayar da matacciyar saiwa. An karkatar da ruwan wanke-wanke, an kwashe ƙasar kusurwar, an ɗaga wurin santimita 20. Sabon dashe a ajiye shi daidai yadda yake a ledar reno, wuya a waje.

Uku da suka ƙi girma, tara da suka yi baƙi

Uku a tsakiyar layi sun tsaya yadda aka dasa su, suna laushi da rana su farfaɗo da dare. Saiwarsu duk ƙulli-ƙulli, irin wanda manoman tumatir da kuɓewa suka sani. Tsutsar nematodi ce, ido ba ya ganinta, tana son yashi mai ɗumi, kuma mai yiwuwa ta zo ne a ƙasar ledar reno da aka ɗebo daga tsohuwar garkar tumatir. Ƙullin ba ya warkewa. An cire su da ƙasar kewaye, aka jiƙa ramin sosai, aka rufe da farar leda mai nuna ciki, aka danne bakinta da ƙasa, mako shida cikin Afrilu da Mayu. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashi yana rage su ƙwarai a saman ƙasa. Kafin sayen dashe, a zare leda ɗaya a dubi saiwa. Mai reno na kirki ba zai hana ba.

Tara na ƙarshen arewa suna ƙarƙashin inuwar dogon yaron maƙwabta, can kuma magina ba su zubar da komai ba, ganyensu kore ne a ƙarƙashin baƙin. Baƙin yana gogewa da jiƙaƙƙen yatsa. Naman gwari ne da ke tsirowa a kan darɓa, zaƙin da ƙwari masu tsotso ke fitarwa. A bayan ganye da hammatar reshe ga fararen ƙwari kamar auduga, ga tururuwa na hawa da sauka, tana shan zaƙin tana kare su daga masu cinsu. Takin da aka yi ta zubawa ya sa toho mai laushi, abincin da suka fi so. An wanke da ruwa mai ƙarfi, aka daka ƙwayar dogon yaro giram 500, aka jiƙa a lita 10 ta kwana, aka tace da ƙyalle, aka narka ɗan sabulu don ya kama ganye. Feshi da yamma, a bayan ganye musamman, duk kwana bakwai har sau uku, don ƙwai da ke ƙarƙashin audugar ba ya mutuwa a karon farko. An bi layin tururuwa har gidanta a gindin katanga aka tone shi.

Rashin fure kuwa almakashi ne ya jawo. Ixora a ƙarshen sabon reshe yake fure, mai ban ruwa kuma duk mako biyu yana daidaita saman shingen kamar aski. An ce ya ajiye almakashin. Gyara sau ɗaya bayan fure ya wuce, reshe-reshe, ya wadatar.

Ban ruwa da rana

Katangar gabas tana kallon yamma, farin fenti ne, daga azahar zuwa la'asar tana mayar da zafi a kan ganye. Daga Maris zuwa saukar damina an kafa zana a kan sanduna, mita ɗaya da rabi daga shingen, tana tare ranar yamma ta bar ta safe. An shimfiɗa ɓawon gyaɗa kaurin santimita 5, aka bar tazarar yatsa huɗu daga kara da kuma katanga. Gara za ta zo ta ci ɓawon, wannan ba komai. Abin da ake gudu shi ne ya taɓa kara ya zame mata gada. Ita dai gara ta fi bin icen da ya riga ya raunana, kuma toka ba ta sake shiga kwamin ba.

A bazara ƙasa mai tsiro tana rasa kusan lita 7 zuwa 9 a murabba'in mita kowace rana, saboda haka kwami mai murabba'in mita 12 yana neman wajen lita 100, rabin ganga. Yashi ba ya riƙe wannan a zubi ɗaya, sai aka raba: kashi biyu cikin uku da sassafe, saura bayan la'asar. A hunturu rabin haka ya isa. A damina sai an tura yatsa santimita 5 an ji bushewa.

Bayan kwana 18 da zuba EDDHA, sabon toho a guda 15 ɗin ya fito kore. Ganyen da ya riga ya yi fari bai dawo ba, a hankali ya zube. A ƙarshen Yuni takarda ta nuna 6.5 a tsakiyar kwami, bayan ruwan Agusta ta sauka kusa da 6, kuma a watan ne fure ya fara fitowa, na arewa suka riga saura. Daga biyun da aka ceto a kusurwar kudu ɗaya ya rayu. Na tukwane bakwai duk sun kama. An cike guraben kudu da na nematodi a tsakiyar Yuli, lokacin da ya kamata a yi dashen tun farko, da ƙasa ta jiƙe kuma iska ta yi laushi. Za a riƙa auna pH sau biyu a shekara, Nuwamba da Maris, in ya haura 6.5 a ƙara farar wuta giram 20 zuwa 30 a murabba'in mita.